Takalmin Dama na Lawali

Duk sabon yaron da aka kawo mini sito, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Baba Sale, wancan takalmin da ke rataye a ƙusa fa? Ina ɗan'uwansa?" Ba ya tambayar yadda ake riƙe zarto, ba ya tambayar yadda ake auna kaya, sai takalmi. To, takalmin aiki ne, baƙi, mai ƙarfe a hanci, na ƙafar dama. Ɗan'uwansa yana Damagaram. Na saba in ce da mai tambaya ya je ya ɗauko guduma ya rage surutu. Amma yau kwantena ba ta iso ba, kuma na ga biyu daga cikinku sun shigo mini da silifas kamar masu shirin alwala. Don haka ku zauna ku ji inda ƙafar da ke cikin takalmin nan ta tafi.

Na san irin kallon da kuke yi wa aikin nan. A ganinku kwali ne da salatif, sai ɗan ƙarfi. Mutum ya sauka daga jirgi, abin da ya zo nema bai samu ba, sai ya ce bari ya ɗan taɓa ɗaurin kaya kafin Allah ya kawo wani abu, kamar wanda zai tsare wa maƙwabci shago ya je salla ya dawo. Ni kafinta ne tun daga Fagge. Na yi gadaje da ƙofofi iya yina kafin wani Alhaji ɗan Kwari ya taho da ni Guangzhou ta ƙasar Sin, a zamanin da kasuwar benen nan ta Tianxiu take cike maƙil, ko'ina ka juya Hausa kake ji, har a cikin lif. Ni ma da na zo na ɗauka wanda ya iya gado akwatin kaya ba zai gagare shi ba.

Akwatina na farko na madubai ne, na wata Hajiya mai shagon kayan ɗaki. Na yi shi tsaf, na goge gefuna, har ina ja da baya ina kallonsa. Sai ga Shifu Liyan, tsohon da ke riƙe da sashen katako a sitonmu na Baiyun. Shifu shi ne sunan da suke ba ubangida a sana'a. Ɗan guntun mutum ne, taba ba ta barin bakinsa, ba ya jin Turanci, ni kuma lokacin ba na jin nasu sai gaisuwa. Ya zagaya akwatin. Ya sa aka fitar da madubai, ya nuna mini in shiga ciki in tsuguna. Na shiga. Ya kira majiya ƙarfi suka karkata akwatin hagu, suka karkata dama, suka sake shi. Kaina ya bugi katako har na ga wuta. Ya leƙo, ya yi alamar igiyar ruwa da hannunsa, ya nuna madubai, ya tafi abinsa.

Tun daga ranar na gane ba don kyau ake yin akwati ba. Yawancin kayan da suke isa Kano a farfashe ba wanda ya buge su daga waje, motsi ne a ciki yake kashe su. Ka bar rata ko ta yatsa ɗaya, teku zai gano ta. Shi ya sa ake fara auna kaya kafin a taɓa katako, a san inda nauyinsu yake, a san gefen da zai iya kwanciya da wanda in ya kwanta shi ke nan. Injin ɗinki nauyinsa a ka yake. Firiji ba a kwantar da shi. Gilashi a tsaye yake tafiya, kamar yadda aka yi shi. Kayan aikin ba su da yawa: ma'auni, zarto, bindigar ƙusa, soso, bargo, sai maɗauri mai ƙarfen matsewa. Bindigar nan da kuke rububin riƙewa ita ce ta ƙarshe da ake ba mutum, domin na ga ƙusa ta ratsa katako ta shige cikin talabijin ɗin wani Alhaji, na kuma ga ta ratsa tafin hannu.

Sannan ga danshi. Ku da kuka zo da kaka ba ku gan shi ba tukuna. Bayan sanyi ya wuce, wajen Maris da Afrilu, akwai wata iska da take tasowa daga kudu. Bango ya yi ta gumi, tayil ya yi ta gumi, rigar da ka shanya kwana uku tana nan jiƙe. In ka rufe kaya a irin wannan lokaci ba ka zuba ƙunshin nan masu shan danshi ba, mai kaya zai buɗe kwantena a Najeriya ya tarar da kujerunsa sun yi furfura. Kuma kada ku ɗauka zai tuna da iskar kudu. Sunanka zai tuna. Na ɗaura wa Alhazan Kano, na ɗaura wa 'yan zango na Kumasi, na ɗaura wa fastoci masu sayen ganguna da lasifika. Kowannensu in yana tsaye a kanka gaggawa yake yi, in kaya suka lalace kuma sai ya ce me ya sa ka yi gaggawa.

Amma dokar Shifu ta farko ba ta katako ba ce. Kullum da safe, kafin ya dubi fuskarka, ƙafarka yake duba. Ya ga silifas ko kambas, sai ya nuna maka ƙofa ya ce "meyo", wato babu, yau ba aiki. Ba roƙo, ba magiya. Wata rana da zafi ya cire safa, na ga yatsun ƙafarsa ba su cika ba. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

A ƙarƙashin Shifu na haɗu da Lawali. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, ya girme ni da 'yan shekaru, ya kuma riga ni zuwa. Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa, ba a gaisawa sai an taɓa juna. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wani Bakanon kuma? Ku da ko a bakin kabari sai kun taya likkafani." Na ce, "Ku kuwa da ba don mu ba, da har yau a kan raƙumi kuke zuwa asibiti." Daga nan muka zama ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya.

Lawali shi ne na ƙasa. In za a sauko da abu mai nauyi ta matakala, ana ɗaure shi a kan falanki, mutane su tsaya a sama da igiya suna saki a hankali, mutum ɗaya kuma ya tsaya a ƙasa ya tokare da kafaɗa yana juya shi. Ba mafi ƙarfi ake ba wurin nan ba, sai wanda ba ya firgita. Domin a kowane aiki sai igiya ta ɗan yi sako-sako, ko da ƙiftawar ido ne, kuma a wannan lokacin duk nauyin yana kan mutum ɗaya, shi kuma duk abin da yake da shi ƙafar da ya kafa ce. Na yi shekaru ina riƙe igiya a saman Lawali, ban taɓa ganin ƙafarsa ta gusa ba.

Burinsa guda ɗaya ne, kowa a sito ya sani: ya koma gida ya sayi babbar mota, kamyo in ji su, ya riƙa jigila tsakanin Damagaram da Kano. Ran Lahadi yakan lallaɓi direbobin sito su ba shi sitiyari ya zagaya fili. Ko tuwo muke ci za ka ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa. In na ce, "Malam, ba a kan titi kake ba," sai ya ce, "Bari, Bakano, mun kusa Matamaye."

Aikin da ya fara kai mu gidan da abin ya faru na wata Madam ne mai makarantar kuɗi a Abuja. Ta zo baje-kolin Pazhou na kaka, ta sayi fiyano da dama daga wata masana'anta can gaba da Panyu, aka tura mu mu auno su. Da muka gama, sai lawban, wato mai masana'antar, ya ce ba baƙon da yake barin wurinsa bai ga gidan ba. Aka zagaya da mu baya. Tsakanin wurin ajiye motoci da wani tafkin kifi, sai ga gidan katako mai bene, launin toka, da baranda, an kewaye shi da fararen bishiyoyi dogaye. Na taɓa ɗaya, na ji roba ce.

Aka ce mana lawban a Rasha ya yi karatu yana saurayi, can ya kamu da son wani shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Gidan mutumin yana can an mai da shi gidan tarihi. Da lawban ya yi arziki sai ya tura mutane suka auno gidan, ya gina irinsa sak a bayan masana'antarsa. Mai kiɗan bai taɓa taka ƙasar Sin ba, amma ga gadonsa na ƙarfe an gyara shimfiɗa, ga teburinsa yana kallon taga, ga tabarau, ga sanda a jingine kamar yanzu zai fita. A bayan gilashin taga an manna hoton ƙanƙara. Na'urar sanyi tana aiki dare da rana saboda katako. Kiɗa yana fitowa a hankali daga wani wuri da ba ka gani, baƙi kuma suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa jiya. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Mu a wurinmu in mutum ya mutu ana yi masa addu'a, a raba kayansa, ɗakin a ba wani mai rai. Amma a matsayina na kafinta na yarda an yi aiki, musamman matakalar, mai lanƙwasa a tsakiya, tana sheƙi kamar an zuba mata mai.

Mai kula da gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙarama mai farin gashi. Kowa Ayi yake ce mata, kamar yadda za mu ce Inna. Malamar kiɗa ce da ta yi ritaya, ta koyi Rashanci tun tana yarinya a makaranta. A bakin ƙofa take zama da kwando cike da wasu manyan silifas na bargo. Ba mai shiga sai ya zura takalminsa a cikin silifas ɗin, don kada a ƙwarzane daɓen katako. An ce a can Rasha haka ake yi. Kowa ya zura nasa. Na Lawali ya ƙi shiga, takalmin ya yi girma. Bai tsaya gardama ba, ya kwance igiya ya cire su, ya jera su a bakin ƙofa, ya sa na bargon a kan safa, sannan ya ɗan rusuna ya gaishe ta kamar yadda zai gai da uwarsa. Tsohuwar nan ta tsaya tana kallonsa. Ina jin tun da aka gina gidan ba wanda ya taɓa rusuna mata.

Ita da kanta ta hau da mu sama. A ɗakin sama akwai fiyano dogo, baƙi, irin mai ƙafa uku. Shi kaɗai ne abin da ya fito daga Rasha da gaske, ko da yake ba na mai kiɗan ba ne, tsaransa ne kawai. An kewaye shi da jar igiya, ba mai taɓawa. Ayi ta ɗage igiyar, ta zauna ta ɗan kaɗa, sannan ta yafito Lawali ta nuna masa wani ƙarfe a ƙasa, ta ce ya taka. Ya taka da ƙafar dama, sautin ya cika ɗakin ya ƙi mutuwa. Ya waigo yana dariya ya ce, "Bakano, wallahi totur gare shi!" Daga nan duk lokacin da aiki ya kai mu masana'antar sai ya leƙa ya gaishe ta, ita kuma ta dafa masa shayi. Ba su da harshe ɗaya in ban da 'yan kalmomi, amma sukan daɗe a barandar nan.

Sai shekarar annoba ta zo. Ku kun ji labarinta ne daga gida, mu a nan ta same mu. Jirage suka tsaya, 'yan kasuwa suka daina zuwa, Tianxiu ta koma kamar maƙabarta. Shifu ya tafi ƙauyensu bikin sabuwar shekara, bai sake dawowa ba. Daga baya aka fara cewa baƙaƙen fata ne ke ɗauke da cutar. Mai gidan da muka yi shekaru muna haya a wurinsa ya tsaya daga nesa, hanci a rufe, ya ce mu kwashe kayanmu. Shagon da muke sayen shinkafa kullum, muna dosowa sai a ɗaga hannu a ce "meyo". Ka shiga bas, a watse a bar maka kujeru. Muka koma kwana a sito a kan kwalaye. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na watannin nan ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ana cikin haka aka kira wayar Lawali. Masana'antar fiyano ta durƙushe, an sayar da komai. Wani mai otal a wani gari ya saye kayan gidan tarihin kaf, har daɓe da matakala, yana so a ɗaure a tura masa. An kawo wasu masu ɗaurin kaya, Ayi ta ce ba ta yarda ba, ba mai taɓa fiyanon nan sai dogon nan na Afirka da abokinsa. Ta kafe har aka gaji aka kira mu. Aiki ne na mutum shida waɗanda suka san juna. Mu biyu ne, sai 'yan ƙwadago biyu da aka ɗauko a bakin titi, ba su taɓa riƙe igiya ba.

Muna isa na ga abubuwa biyu da ba su yi mini ba. An yanke wutar gidan, na'urar sanyi ta mutu, iskar kudu ta shiga ta yi yadda take so, bango yana zufa. Na biyu kuma, Ayi ta yi sammako ta goge matakalar da kakin goge katako, tun daga sama har ƙasa. Tana so gidan ya tafi da tsabtarsa. Ta tare mu a baranda, ba ta ja da baya ba, ba ta rufe hanci ba. Ta zuba mana shayi a kofunan da take sha da su, ta miƙo da hannunta. Sannan ta ɗauko kwandon nan, ta zaɓo silifas na bargo mafi girma, ta miƙa wa Lawali da hannu biyu.

Ni na girgiza kai, na nuna mata takalmina, na nuna sama, na ce yau aiki ne. Fuskarta ta canza. Ina waigowa na ga Lawali ya riga ya kwance nasa, ya jera su a bakin ƙofa.

Na ce, "Lawali, mai da takalminka."

Ya ce, "Bakano, dubi tsohuwar ga. Wata nawa ke nan ba wanda ya miƙo muna ruwa da hannunshi? Yau ne ranar ƙarshe ta gidanta. Ni in taka mata shi da ƙarfe?"

"To cire bargon da safar, ka taka da tafin ƙafa. Ka ga matakalar kuwa?"

"Da hannu biyu ta ba ni. In cire a gabanta? Haba. Matakala ce, ba Dutsen Dala ba."

"Shi ke nan, ka hau sama, ni in tsaya ƙasa."

Ya yi dariya. "Kai? Kai da iska ke ɗauka? Kuma wa zai tsaya kan waɗannan biyun da ba su san igiya ba? Mu tahi, rana na yi."

Gaskiyarsa ce a nan, ban kai nauyin da zan tokare abin ba, kuma dole wani ya tsaya a kan 'yan ƙwadagon. Muka hau. Fiyano irin wannan ba a ɗaukarsa a tsaye. Muka cire murfi muka naɗe, muka kwance ƙarafan takawa, muka cire ƙafafu ɗaya bayan ɗaya muna kwantar da shi a gefensa mai tsawo a kan falanki mai bargo. Muka ɗaure da maɗauri, na bi kowanne na ja da hannuna. Cikinsa ƙarfe ne zalla, nauyinsa ya kai na saniya babba. Na zagaya igiya a jikin ginshiƙin bene, na nuna wa mutanen nan yadda za su saki kaɗan-kaɗan. Muka yi bismilla.

Rabin farko ya sauka lafiya. Lawali yana ƙasa yana cewa "saki, riƙe, saki", muryarsa a kwance kamar kullum. A lanƙwasar ne, inda dole a juya falanki, ɗaya daga cikin mutanen ya sauya hannu, igiya ta ɗan yi sako-sako. Ba laifi ba ne babba, abin da ake yi ne a kowane aiki. Lawali ya yi abin da ya saba, ya kafa ƙafar dama ya tokare. Sai bargon ya zame a kan kakin nan mai danshi. Ƙafar ta shige ƙarƙashin falanki, nauyin ya sauko ya danne ƙwaurinsa a jikin bakin matakala. Na ji ƙarar ƙashi. Wayoyin da ke cikin fiyanon duka suka yi wani irin gurnani tare, gidan ya ɗauka.

Bai saki ba. Da ya ja jiki gefe, abin zai wuce ya daki bango ya tarwatse, wataƙila ƙafar ta fita da karaya ɗaya. Amma kafaɗarsa tana nan inda take. Ya yi salati, sannan ya ɗago ya ce, "Ku ja! Kada ku saki!" Muka ja har tafin hannuna ya sale. Mutum uku ba sa iya mai da irin wannan nauyi sama, sai dai su hana shi ƙara sauka. Ayi ce ta fita da gudu, tsohuwa da ita, ta nemo masu gadi. Kafin a zo a ɗaga, an daɗe, kuma duk tsawon lokacin falankin yana ƙara nutsewa a ƙafarsa.

Motar haya ba ta tsaya mana ba, a bayan motar kaya muka kai shi. A asibiti aka ce sai an yi masa gwajin cutar, sai sakamako ya fito kafin a shiga da shi. Muka zauna a wani ɗaki da aka keɓe, ina kallon ƙafar tana sauya launi. Da suka shiga da shi, likita ya fito ya nuna mini ƙasan gwiwarsa da gefen hannu. Na gane ba sai an fassara mini ba.

Da ya farfaɗo ina zaune a gefensa. Ya dubi bargon da aka rufa masa, ya ga inda ya kwanta babu komai a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kayan mutane fa?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Ko ƙwarzane?"

"Ko ƙwarzane babu."

Ya ce, "To, madalla." Ya juya fuskarsa bango. Ni kuma na fita waje na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa muku.

Washegari na koma na gama akwatin, domin aikin da aka karɓa sai an gama shi. Na tokare fiyanon ta kowane gefe, na zuba masa ƙunshin shan danshi, na rufe. An ce yanzu yana zauren otal ɗin can, an kewaye shi da jar igiya, mutane suna ɗaukar hoto a gabansa. Gadon da teburin da bishiyoyin roba duk sun bi shi. Inda gidan yake yanzu fili ne.

Bayan 'yan kwanaki Ayi ta zo sito. Yadda ta gano wurin, da yadda ta ratso garin nan a irin wannan lokaci, Allah kaɗai ya sani. Ta rame, ta ƙara ƙanƙancewa. Tana rungume da jaka. Ta buɗe, sai ga takalman Lawali, waɗanda muka manta a bakin ƙofa. Ta goge su suna sheƙi, ta cusa musu jarida saboda danshi. Ta miƙo mini da hannu biyu. Da farko na ji kamar in ƙi karɓa. Sai na tuna da Lawali ne da tuni ya rusuna, na karɓa na ce mata shiyeshiye, wato na gode.

Ya yi watanni a sito yana koyon sanda kafin a samu jirgi. Ranar tafiya na raka shi filin jirgin Baiyun. A wurin auna kaya ya buɗe jakarsa ya ciro takalman. Ya mai da na hagu, ya miƙo mini na dama.

Ya ce, "Riƙe wannan, Bakano. Kada in biya kuɗin nauyin abin da ba ni da amfani da shi. Ku ne kuka koya mini lissafi."

Yanzu yana tasha a Damagaram. Yana zama a kan benci yana nuna wa masu lodi yadda ake ɗaure kaya a kan motocin wasu. Direbobi suna girmama shi, an ce motar da ya duba ɗaurinta ba ta zubar da kaya. Bai taɓa zagin tsohuwar nan ba ko sau ɗaya, duk wayar da muka yi sai ya tambaye ni ko ina jin labarinta. Ba na ji. Lambarta ta daina shiga tun bara.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan za a roƙe ku. Mai kaya zai ce ku yi sauri, matar gida za ta ce kada ku taka mata kafet, wani dattijo mai mutunci zai yi muku alherin da za ku ji nauyin ce masa a'a. Ku gaishe shi, ku rusuna, ku ba shi haƙuri da duk harshen da kuka iya, amma takalmi yana ƙafarku. In an ƙi, ku bar aikin ku dawo, ni zan ji da mai kayan. Ku biyun nan masu silifas, ku tashi ku koma masauki, yau ba ku da aiki a nan.

Ran Juma'ar da ta wuce mun yi waya da shi. Yake gaya mini na hagun ya ƙare, an yi masa ɗinki, an sauya masa tafi har mai gyara ya ce ya haƙura haka. Ya ce, "Naka fa, Bakano?" Na ɗaga kai na dubi ƙusa. Na ce masa yana nan, ko tsagewa bai yi ba.